Katse Hanzari: Tarihin Yadda Kwamfuta Take Zaɓen Wanda Za Ta Fara Saurara



Gabatarwa

Idan Bahaushe yana son ya sa baki cikin maganar wani, yakan fara da cewa, "Ba don na katse maka hanzari ba." Duk wanda ya faɗi haka ya amince cewa abokin zancensa yana kan wani aiki, yana kuma roƙon a dakatar da aikin nan a saurare shi, bisa alkawarin cewa in ya gama za a koma daidai inda aka tsaya. Wannan al'ada ta zance ita ce na ga ta fi dacewa da sunan abin da zan yi bayani a kansa yau, watau hanyar da na'urorin da ke haɗe da kwamfuta suke bi su katse mata aiki, da kuma tarihin yadda aka tsara wanda za ta fara saurara idan masu kira suka yi yawa.

Ni malamin Hausa ne, ba injiniya ba. Abin da ya ja hankalina ga batun shi ne na lura cewa tambayar da injiniyoyi suka shekara fiye da saba'in suna fama da ita tsohuwar tambaya ce ta sha'anin mulki, wadda kakanninmu suka san ta sarai. Kafin in ci gaba, bari in daidaita kalmomi uku. Furosesa shi ne ɓangaren kwamfuta da ke yin lissafi da zartar da umarni, kuma a asali abu ɗaya yake iya yi a lokaci ɗaya. Babbar manhaja ita ce tsarin umarnin da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, kamar Windows ko Android. A tsakiyarta akwai ɓangaren da ke hulɗa da na'urori kai tsaye, wanda Turawa suka ba sunan da ma'anarsa ita ce ƙwayar da ke cikin kwanso. Ni ma ƙwaya zan riƙa kiransa.

Rangadi da Ɗan Aike

Karaye tsohon gari ne na bakin iyaka. Littafin Tarihin Kano ya ambaci karon da Kanawa suka yi da Katsinawa a Karaye a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17, ya kuma danganta Wambai Giwa da garin. A ƙarni na 19 Sarkin Karaye yana cikin 'yan tsirarun sarakunan da ke zaune a garuruwansu, kamar na Rano da Gaya da Dutse, alhali galibin hakimai suna birnin Kano suna tafiyar da ƙasashensu ta hannun jakadu. Sai bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka tura hakimai su zauna a gundumominsu. Rogo kuwa tana can kusa da inda ƙasar Kano ta haɗu da ta Zazzau da ta Katsina. Mai mulkin irin wannan ƙasa ba shi da abin da ya fi buƙata kamar labari a kan lokaci.

Hanya biyu ce mai mulki yake da ita ta sanin halin da ƙasarsa take ciki. Ta farko ita ce rangadi. A ɗauka ya tashi daga Karaye ya bi ta Yammedi da Kafin Dafga, ya zarce Zarewa da Beli da Fulatan, kowane gari yana tambaya ko lafiya. A mafi yawan garuruwan amsar da zai samu ita ce lafiya lau, watau ya sha wahalar tafiya bai ƙaru da komai ba. Mafi muni kuma, idan gobara ta tashi a Beli kwana ɗaya bayan ya bar ta, ba zai ji ba sai zagaye na gaba. Hanya ta biyu ita ce ya zauna a fada yana aikinsa, duk garin da wani abu ya faru ya aiko ɗan aike. Wannan ta fi sauƙi, amma tana da nata nauyin, domin wata rana masu kira za su taru a ƙofa a lokaci guda. Ga mahayi da dokinsa ya jiƙe da gumi ya kawo labarin mahara, ga mai ƙarar iyakar gona, ga wanda ya zo gaisuwa. Dole a sami wanda zai tantance su. A fadar Kano manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna cikin waɗanda ake bi ta hannunsu kafin a isa ga sarki. Ku riƙe waɗannan abubuwa a zuciya, rangadi da ɗan aike da mai tsaron ƙofa, domin za mu sake haɗuwa da kowannensu.

Mafarin Al'amarin

Kwamfutocin farko rangadi kaɗai suka sani. Idan aka umarci kwamfuta ta karanta kati, sai furosesa ya tsaya yana ta tambayar na'urar ko ta gama, ba ya taɓuka komai har sai ta amsa. Domin a ga girman asarar, mu yi lissafi da kwamfutar yau. Gwanin buga rubutu zai iya danna harafi 10 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau sakan. Furosesan da ke yin taki biliyan ɗaya a daƙiƙa zai yi taki miliyan 100 tsakanin harafi da harafi. Da kowane taki daƙiƙa guda ne, da jiran nan ya haura shekara uku.

A 1954 Hukumar Ma'aunai ta Amurka ta kammala wata kwamfuta mai suna DYSEAC domin sojojin ƙasar, wadda aka girka cikin tirela. Ana lissafa ta cikin na farko da na'urar waje take iya aika musu sigina su bar aikin da suke yi su koma wani. A wajen wannan lokaci kuma masu binciken jiragen sama a birnin Cleveland suna buƙatar kwamfutarsu, UNIVAC 1103, ta riƙa karɓar awo daga ramin da ake hura iska a kan samfurin jirgi, a daidai lokacin da awon ya fito. Dabarar katsewa ta shiga samfurin 1103A na 1956. Sa'an nan a 1958 kwamfutar TX-2, wadda Wesley Clark ya tsara a ɗakin bincike na Lincoln, ta ba kowace na'ura jerin umarninta da kuma darajarta, ta yadda mai babbar daraja take iya katse mai ƙarama.

Abin da ke faruwa a lokacin katsewa ya yi kama da malamin zaure da aka yi wa sallama yana tsakiyar ba da karatu. Zai ƙarasa kalmar da ke bakinsa, ya sa alama a layin da ya tsaya, ya fita ya ji abin da ke tafe da baƙo, ya dawo ya ɗora. Haka furosesa yake ƙarasa umarnin da ke hannunsa, ya adana matsayinsa da lambobin da yake riƙe da su, ya duba wani jadawali ya ga inda umarnin amsa wannan kira yake, ya zartar da shi, sa'an nan ya koma.

Cikin waɗanda suka fara fahimtar haɗarin da ke cikin wannan ni'ima sosai akwai Edsger Dijkstra, mutumin Holan, wanda ya rubuta manhajar amsa kira ta kwamfutar X1 ta kamfanin Electrologica, kuma a kanta ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Amsterdam a 1959. Kafin katsewa, idan aka ba kwamfuta aiki iri ɗaya sau ɗari, hanya ɗaya za ta bi sau ɗari, saboda haka in akwai kuskure ana iya maimaita shi a kama shi. Da katsewa ta zo, kira yana iya faɗowa a tsakanin kowane umarni biyu, sai ga kuskuren da zai bayyana yau ya ɓuya wata shida. Wannan damuwa tana cikin abubuwan da suka sa Dijkstra ya dage cewa gwaji kaɗai ba ya isa a tabbatar da ingancin manhaja, sai an kafa hujja.

Kafa Darajoji

A watan Afrilu na 1964 kamfanin IBM ya bayyana jerin kwamfutocinsa na System/360, ya kuma kasa katsewa gida biyar. Wanda aka sa a gaba da kowa shi ne kiran da ke cewa ita kanta na'urar ta sami matsala, domin in jikin mai hukunci ba lafiya, duk hukuncin da ya yanke abin shakka ne. Kiran na'urorin shigar da bayani da fitar da shi shi ne a ƙarshe.

Amma tsarin da ya fi yin tasiri a tarihi shi ne na PDP-11, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1970. Furosesanta yana da matakin daraja takwas, daga 0 zuwa 7, kuma na'urori suna kira ta layuka huɗu masu daraja 4 da 5 da 6 da 7. Agogo yana mataki na 6, faifan ajiya yana na 5, na'urorin buga rubutu suna na 4. Ƙa'idar ita ce furosesa ba ya amsa kira sai darajar kiran ta ɗara matakin da shi kansa yake a kai a wannan lokaci. Idan kuma na'urori biyu masu daraja ɗaya suka yi kira tare, wadda ta fi kusa da furosesa a kan waya ita take samun izini, domin izinin yana bi ta kanta kafin ya wuce gaba. Wanda ya san zaman fada ya san amfanin kusanci.

Ya kamata mu tsaya mu tambayi ma'aunin da aka bi. Faifai ya fi agogo tsada nesa ba kusa ba, amma agogo aka fifita. Dalili shi ne agogon nan yana bugawa sau 60 a daƙiƙa bisa wutar lantarkin Amurka, ko sau 50 bisa irin tamu, kuma bugun da aka rasa ya tafi ke nan, lokacin kwamfuta zai koma baya. Ma'aunin shi ne wanda jira zai fi yi wa lahani. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa ya san wannan ma'auni: idan mota ɗaya ce ta zo, ga kwandunan tumatir ga buhunan masara, tumatir za a fara lodawa ko da masarar ta fi kuɗi, domin ita tana iya kwana.

A kan wannan kwamfuta ce babbar manhajar Unix ta girma. Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ta a ɗakunan bincike na Bell a 1969, aka kuma sake rubuta ƙwayarta da harshen C a 1973. A nan ne ƙwaya ta koyi sarrafa daraja da kanta. Idan tana gyara wani jerin bayani wanda mai amsa kiran faifai shi ma yake taɓawa, sai ta ɗaga matakin furosesa domin kiran ya jira a ƙofa, ta gama gyaran, sa'an nan ta sauke. In ba ta ɗaga ba, kira zai same ta da aiki rabi da rabi ya lalata jerin. In kuma ta ɗaga ta daɗe, haruffa za su zube, agogo ya makara. Gwanintar marubucin ƙwaya ita ce ya rufe ƙofa na ɗan lokacin da ya wajaba kawai. Ƙwayar bugu na shida na Unix, na 1975, ba ta kai layi 10,000 ba, kuma John Lions na Jami'ar New South Wales a Ostireliya ya yi mata sharhi layi bayan layi domin ɗalibansa, kamar yadda malamanmu suke yi wa matani sharhi. Daga baya kwamfutar VAX ta faɗaɗa matakan zuwa 32. David Cutler, wanda ya jagoranci rubuta babbar manhajarta, ya koma Microsoft a 1988, ya tafi da wannan tunani cikin Windows NT ta 1993, kuma har yau ƙwayar Windows da matakan daraja take aiki.

Mai Tsaron Ƙofa

A watan Agusta na 1981 IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, wadda kusan duk kwamfutocin ofisoshinmu jikokinta ne. A cikinta an ɗora aikin tantance masu kira a kan wani ɗan guntun lantarki na kamfanin Intel mai lamba 8259. Yana da ƙofofi takwas, daga 0 zuwa 7, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar daraja. Ƙofa ta 0 ta agogo ce, wanda ke bugawa kimanin sau 18.2 a daƙiƙa. Ta 1 ta allon madannai ce. Ta 3 da ta 4 na layukan sadarwa ne, ta 6 ta ƙaramin faifai, ta 7 kuwa ta na'urar buga takarda, wadda ko an bar ta ta jira babu abin da zai lalace. Bayan waɗannan akwai wani kira da ba ya bi ta hannun mai tsaron ƙofa, ba a kuma toshe shi da umarnin da ake toshe sauran, wanda aka tanada domin babbar matsala kamar lalacewar ma'ajiyar bayani. Shi ne mahayin nan mai labarin mahara.

Ba a daɗe ba ƙofofi takwas suka yi kaɗan. A samfurin AT na 1984 sai aka ƙara guntu na biyu mai ƙofofi 8 zuwa 15, aka shigo da shi ta ƙofa ta 2 ta na farko. Sakamakon haka jerin fifiko ya zama 0, sai 1, sai 8 zuwa 15, sa'an nan 3 zuwa 7. Baƙin da suka zo daga baya sun sha gaban 'yan gida, saboda kawai sun shigo ta hannun babban bafade. Abin ya yi illa ta zahiri. Layin sadarwa mai gudun 9,600 yana kawo harafi kusan 960 a daƙiƙa, kuma guntun da ke karɓarsu a lokacin harafi ɗaya yake iya riƙewa, in ba a ɗauke shi cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba na bayansa ya danne shi. Ga shi kuma an tura wannan layi ƙasa da faifai. Maganin da aka samu shi ne sabon guntu mai riƙe harafi 16, watau an faɗaɗa zaure tun da ba a iya gyara jerin shiga ba.

Waɗanda suka yi gyaran kwamfuta a shekarun 1990 za su tuna yadda ake zaɓa wa kowane kati ƙofarsa da hannu, da yadda kwamfuta take sandarewa idan kati biyu suka yi karo a ƙofa ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne Intel ya kawo sabon mai tsaron ƙofa da ake kira APIC, wanda yake iya rarraba kira tsakanin furosesa da yawa, yake kuma kasa lambobin kira 256 zuwa azuzuwan daraja 16. Daga baya ma aka daina ba kowace na'ura waya tata, sai dai ta rubuta ɗan saƙo a wani adireshi na musamman, kamar yadda wasiƙa ta maye gurbin mahayi.

Darasi Biyu Daga Sararin Samaniya

Ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 yana sauka a kan wata da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202, daga baya kuma 1201. Abin da ya faru shi ne wata na'urar rada da ba a buƙatarta domin saukar tana ta aiko da sigina marasa amfani, kowace tana satar ɗan lokacin furosesa, har aikin ya fi ƙarfinsa. Hal Laning ne ya tsara mai rabon aikin wannan kwamfuta bisa daraja, Margaret Hamilton kuma tana cikin shugabannin ƙungiyar da ta rubuta manhajar a cibiyar MIT. Tsarinsu ya tanadi cewa in wuri ya ƙure, kwamfuta ta watsar da komai ta sake tashi, ta ɗauko ayyukan da suka wajaba, irin su sarrafa injin da lissafin hanya, ta bar sauran. Sau biyar gargaɗin ya bayyana, kumbon kuma ya sauka lafiya.

Darasi na biyu ya fi ɗaure kai. Kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997, bayan 'yan kwanaki kuma kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Bari in kwatanta abin da aka gano. A ce sarki yana buƙatar a buɗe rumbu, mabuɗin kuwa yana hannun wani yaro da aka aika ya ɗebo hatsi. Sarki zai jira yaron, wannan daidai ne. Amma a kan hanya sai wani dagaci ya tsare yaron ya sa shi aiki, domin ya fi shi daraja. Yanzu sarki yana jiran yaro, yaro yana jiran dagaci, watau dagaci ya tsare sarki bai sani ba. A Pathfinder yaron shi ne aikin tattara bayanin yanayi, sarkin shi ne aikin rarraba bayani tsakanin na'urori, akwai kuma wani agogon tsaro da in ya ga babban aiki ya makara sai ya ɗauka komai ya lalace ya sake tayar da kwamfutar. Injiniyoyi sun maimaita matsalar a kan tagwayen kwamfutar da ke ƙasa, suka aika gyara zuwa Mars. Gyaran shi ne duk wanda ke riƙe da mabuɗin da babba yake jira, to, ya ari darajar babban har ya mayar da mabuɗi. Masana sun wallafa wannan dabara tun 1990. Hausawa kuwa sun daɗe suna cewa wakilin sarki, sarki ne.

Wayar da ke Aljihunmu

Linus Torvalds ya fara ƙwayar Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android. Linux ta ɗauki wata hanya dabam. Maimakon dogaro da matakan daraja tsakanin na'urori, sai ta raba amsa kira gida biyu. Kashin farko gajere ne ƙwarai: a karɓi saƙo, a shaida wa na'ura an ji, a sallame ta. Kashi na biyu, wanda shi ne ainihin aikin, sai a jinkirta shi zuwa lokacin da ƙofa take buɗe. Idan kowane mai kira ɗan lokaci kaɗan yake ɗauka a gaban sarki, rigimar wa zai riga wa ta ragu. Daga 2009 aka ba da damar mayar da kashi na biyu ya zama aiki mai darajar da mai kwamfuta zai iya sauyawa, a 2024 kuma aka shigar da cikakken tsarin amsawa a kan ƙayyadadden lokaci cikin babbar ƙwayar, bayan kusan shekara ashirin ana aikinsa.

Rangadi ma bai mutu ba. A 1996 Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan suka nuna cewa idan saƙonnin sadarwa suka yi yawa, kwamfuta tana iya ƙarar da duk lokacinta wajen amsa sallama ba ta aikata komai ba. Saboda haka Linux, idan ta ga kira ya yi yawa daga katin sadarwa, sai ta ce masa ya daina kira, ita za ta riƙa zuwa tana kwasa da kanta, in abin ya lafa a koma ga ɗan aike. Dabarar da aka guje wa a 1954 ita aka dawo da ita domin ranar cunkoso.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wannan tarihi ya zama namu. Mai sayar da rake a Rogo da yake sauraron karatu a wayarsa, ya taɓa gilashinta, kira kuma ya shigo, ya sa mai tsaron ƙofar da ke cikin furosesan ARM na wayar ya yanke hukunci sau da yawa kafin shi ya ƙifta ido. Haka na'urar cirar kuɗi ta POS da ke kasuwar Karaye.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne jerin fifiko mutane ne suke rubuta shi. Wani lokaci da hujja, kamar fifita agogo a kan faifai, wani lokaci kuma da haɗarin tarihi, kamar ƙofa ta 2 ta 1984, wadda aka yi shekaru ana biyan bashinta. Mutanen Karaye da Rogo ba sa buƙatar a koya musu wannan. A 2019 doka ta ba Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu na 2024 wata doka ta soke ta, a watan Yuli na shekarar kuma aka kafa ta a daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Ba hukunci nake yankewa a kan ko ɗaya daga cikin dokokin ba. Nufina shi ne waccan daraja kowa ya ji labarinta, an yi muhawara a kanta a rediyo da majalisun hira da harshen da jama'a suke ji, alhali darajojin da ke cikin na'urorin asibiti da na banki da na sadarwa ana rubuta su ne a wasu ƙasashe, da harshen da mafi yawanmu ba ma ji. Wanda ba shi da kalmar da zai kira abu da ita, da wuya ya tambayi dalilinsa.

Saboda haka ina da shawara biyu. Ta farko, sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta su zauna tare su tace kalmomi. Waɗanda na yi amfani da su yau, ƙwaya da katse hanzari da mai tsaron ƙofa da aron daraja, tayi ne kawai, wanda yake da mafi kyau ya kawo. Ta biyu, tun da ƙwayar Linux a buɗe take ga duk mai son karantawa, a sami ɗalibai da za su ɗauki ɓangaren amsa kira su yi masa sharhi da Hausa layi bayan layi, yadda Lions ya yi wa ɗalibansa. Al'adar sharhi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, matanin ne kawai sabo.

Shugaba, na ga alamar lokacina ya cika, kuma bai kamata mai lacca a kan wannan batu ya jira sai an katse masa hanzari ba.